Sheikh Abubakar Mahmud Gumi: Rayuwarsa, Koyarwarsa Da Muhawarar Da Ya Bari

Duk wanda ya taɓa sauka baƙo a zangon Hausawa a Kudu, ko Sabo ta Ibadan ce, ko Agege da Idi-Araba a Legas, ko Ama Hausa ta Owerri, ko karar shanu ta Lokpanta, ya san tambayar da ake jefo masa kafin ma ya gama ajiye jaka: "Malam, wane masallaci kake bi, na Izala ko na ɗariƙa?" Da yawa daga cikinmu matasa mun tashi mun tarar da wannan rabuwar, ba mu san inda ta samo asali ba. To idan aka bi sawunta, za a tarar ta kai mutum ga malami guda, wato Sheikh Abubakar Mahmud Gumi. Ni ban riske shi ba, ya rasu kafin a haife ni. Muryarsa dai na santa tun ina yaro a Kwandere, daga kaset ɗin da mahaifina yake sawa idan zai bi tirelar shanu zuwa Kudu. Ga tarihinsa a taƙaice, da abin da ya karantar, da abin da masu jayayya da shi suka ce.

Haihuwa da karatu

An haifi Abubakar Gumi a farkon shekarun 1920 a garin Gummi, wanda a lokacin yake cikin lardin Sakkwato, yanzu kuma yana Jihar Zamfara. Mahaifinsa, Malam Mahmud, malami ne kuma alƙalin garin, a wurinsa ya fara karatun allo da littattafan fiƙihu. Abin da ya bambanta shi da yawancin 'ya'yan malamai na wancan zamani shi ne an sa shi boko. Ya yi elemantare a Dogon Daji, sannan ya wuce Midil ta Sakkwato. A waɗannan makarantu ne ya yi zamani da Ibrahim Dasuƙi, wanda ya zama Sarkin Musulmi daga baya, da kuma Shehu Shagari, wanda ya zama shugaban ƙasa a 1979.

Daga Midil ya tafi Makarantar Shari'a ta Kano, wadda aka kafa don horar da alƙalai, daga baya ta koma Makarantar Nazarin Larabci. Ya gama a 1947. Wannan makaranta tana da malamai 'yan Sudan, ana zama a aji, a bi manhaja, a yi jarrabawa, ba kamar karatun zaure ba inda ɗalibi yake shekara da shekaru a gaban malami ɗaya. Wannan bambanci ya yi tasiri a rayuwarsa. Mutum ne da ya sha daga tulu biyu, na zaure da na aji, kuma iliminsa bai rataya a kan izinin wani shehin ɗariƙa ba.

Rigimar taimama a Maru

A 1949 yana koyarwa a makarantar horon malamai ta Maru, inda Malam Aminu Kano shi ma yake aiki a lokacin. A nan ne sunansa ya fara fita. Limamin garin ya saba yin taimama kafin ya ba da salla, maimakon alwala. Gumi ya ce sam, taimama rangwame ce ga wanda bai samu ruwa ba ko wanda ruwa zai cutar, ga ruwa kuwa a Maru ko'ina. Bai tsaya nan ba, ya hana ɗalibansa bin limamin salla har sai ya gyara. Magana ta kai Sakkwato, aka kafa kwamitin bincike, hujja kuma ta tsaya wa Gumi.

Ka ga ƙaramar magana ce a ido, amma duk halinsa yana ciki. Saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya tsaya gaban dattijon liman, a ƙasar Sarkin Musulmi, ya ce ba shekaru ko rawani ba ne hujja, a kawo littafi. Haka ya ci gaba har ƙarshen rayuwarsa.

Sudan, Jidda da Sardauna

A tsakanin 1954 da 1955 ya yi karatun koyarwa a Bakht al-Ruda ta ƙasar Sudan. A aikin hajjin 1955 ya haɗu da Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa. Sardauna yana bukatar wanda ya iya Larabci da Turanci da Hausa, wanda zai yi masa tafinta a gaban sarakunan Larabawa, sai ga Gumi. A 1957 aka tura shi Jidda a matsayin jami'in kula da alhazan Najeriya. Zamansa can ya ba shi damar sanin malamai da mahukuntan Saudiyya, alaƙar da ta ɗore har ya bar duniya.

Da aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Arewa a 1960, sai aka naɗa shi mataimakin Alƙalin Alƙalai. A 1962 ya hau kujerar gaba ɗaya. A wannan shekarar ce kuma aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna, yana cikin waɗanda suka kawo shawarar kafa ta, Sardauna ya tsaya mata. Manufarta ita ce a haɗa Musulmin Arewa inuwa ɗaya, a gina makarantu, a yi wa'azi a karkara. Haka nan a 1962 aka kafa Rabiɗatul Alamil Islami a Makka, Sardauna yana cikin manyanta, Gumi kuma shi ne hannun damansa a harkar.

A wannan lokaci Gumi bai fito fili yana sukar ɗariƙu da ƙarfi ba. Sardauna ɗan siyasa ne, yana bukatar Ƙadirawa da Tijjanawa duka, kuma shi kansa jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, wanda Baƙadire ne. Sai ranar 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka kashe Sardauna a Kaduna. Gumi yana cikin waɗanda suka tsaya aka yi masa sutura. Daga nan ya rasa babban bangon da yake jingina da shi, amma kuma babu sauran mai riƙe masa linzami.

Rediyo da littattafai

Makamin Gumi na farko shi ne rediyo. Yana tafsiri da karatun littattafai a Masallacin Sultan Bello da ke Kaduna, Gidan Rediyon Kaduna kuma yana watsawa. Wannan tasha tana da ƙarfi, ana kama ta a Nijar da Kamaru da Gana, haka nan a zangunan Kudu. A da, idan kana son jin tafsiri sai ka je ƙofar fada ko zauren wani babban malami da azumi. Yanzu kuwa ga mai gadi a Apapa, ga direba a tasha, ga matar aure a cikin ɗaki, kowa da akwatin rediyonsa yana jin ma'anar aya da Hausa mai sauƙi. Ba ya rera karatu ko ƙawata murya, magana yake yi a hankali kamar malami a aji, wani lokaci har da barkwanci.

A 1972 ya fitar da wani ƙaramin littafi da Larabci mai suna Al-Aƙidatus Sahiha bi Muwafaƙatish Shari'a. A cikinsa ne ya fito ƙarara ya soki wasu aƙidu da ayyukan Tijjaniyya da Ƙadiriyya. Littafin ya tayar da ƙura ba kaɗan ba. Bayan haka ya rubuta tafsirin Larabci mai suna Raddul Azhan ila Ma'anil Ƙur'an, sannan ya fassara ma'anonin Alƙur'ani gaba ɗaya zuwa Hausa da rubutun boko, aka buga a ƙarshen shekarun 1970. Wannan fassarar ita ce daga baya maɗaba'ar Sarki Fahad ta Madina ta riƙa bugawa ana raba wa alhazai. Da wuya ka shiga gidan ɗan boko Bahaushe mai son addini ba ka ganta a kan kanta ba.

Ya bar kujerar Alƙalin Alƙalai a 1975, daga nan ya shugabanci hukumar alhazai ta ƙasa na 'yan shekaru. Karantarwa dai bai taɓa ajiye ta ba.

Me ya karantar?

Tushen koyarwarsa guda ne: ibada ba ta inganta sai da hujja daga Alƙur'ani ko ingantaccen hadisi, duk abin da aka ƙara a addini bayan Annabi (SAW) bidi'a ne, a bar shi. Daga wannan tushe ne sauran rassan suka fito.

Game da ɗariƙu, ya ce babu wani shehi da aka ba wuridi na musamman bayan cikar addini. Ya soki falalar da wasu littattafan Tijjaniyya suka ba Salatul Fatihi, ya soki kamun ƙafa da waliyyai da neman biyan bukata a kaburbura, da buga bandiri a masallaci. A ganinsa, tsakanin bawa da Ubangijinsa ba a bukatar ɗan tsakiya.

Game da al'adu, ya yaƙi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in da ake wa mamaci, da almubazzaranci a suna da biki, da tsadar aure, da tsibbu da duba da dogaro da laya. Ya kuma hana durƙusa wa mutum har ƙasa wajen gaisuwa, ko sarki ne ko malami. Wannan ta ƙarshe ita ta fi ɓata wa iyaye rai, domin a gidan Bahaushe yaron da ya miƙa wa ubansa hannu a tsaye, ai sai a ce ya fitsare.

Game da ilimi, nan ne ake kiransa ɗan zamani. Bai ga laifin boko ba, cewa yake yi Musulmi su shiga su zama likitoci da injiniyoyi da sojoji da ma'aikatan gwamnati, in ba haka ba wasu za su riƙe ƙasar su bar su da kallo. Ya goyi bayan makarantun Islamiyya masu aji da benci da allon bango. Ya kuma dage cewa neman ilimi wajibi ne a kan mace kamar yadda yake a kan namiji, ko da kuwa matar aure ce. Islamiyyun matan aure na dare da na Asabar da Lahadi da muke gani yau a Mile 12 ko Sagamu, wannan kiran yana cikin abin da ya haife su.

Game da harshe, ya yarda a kai wa talaka addini da harshen da yake ji. Fassarar Alƙur'ani da boko ta sa wanda bai taɓa zaman zaure ba yana iya buɗa littafi ya duba da kansa. Wannan ya rage wa malaman gargajiya wani iko da suka daɗe suna riƙe da shi.

Kafuwar Izala

Mutane da yawa suna cewa Gumi ne ya kafa Izala. Gaskiyar magana, wanda ya kafa Jama'atu Izalatil Bid'a wa Iƙamatis Sunna shi ne Sheikh Isma'ila Idris, tsohon limamin soja kuma almajirin Gumi, a garin Jos a 1978. Gumi ya zama uba kuma madubin ƙungiyar, amma bai riƙe shugabancinta ba. A lokacin Lafiya da Kwandere duk suna cikin Jihar Filato, Jos ce hedikwatarmu, sai a 1996 aka yanke Jihar Nasarawa. Saboda haka wa'azin bai sha wata doguwar tafiya ba kafin ya iso ƙasarmu.

Ƙungiyar ta zo da tsari irin na zamani: shugabanni daga ƙasa zuwa jiha zuwa ƙaramar hukuma, majalisar malamai, 'yan agaji masu kaki, wa'azin ƙasa da ake zagayawa gari gari, ga kuma kaset. Ta samu karɓuwa wurin matasa, da ma'aikata, da ƙananan 'yan kasuwa. Dalili a fili yake. Saurayin da ya zo birni neman kuɗi, wanda kowane suna da kowace mutuwa sai an tatse shi, sai ga malami yana ce masa wannan kashe kuɗin ba addini ba ne, ka yanka ragonka da safe ka sallami jama'a. A Nijar ma haka aka yi, Maraɗi ta zama cibiyarta, matasan 'yan kasuwa suka rungume ta.

Martanin malaman ɗariƙa

Malaman ɗariƙa ba su yi shiru ba, kuma ba ƙananan malamai ba ne. Sheikh Nasiru Kabara, jagoran Ƙadiriyya a Kano, da Malam Sani Kafanga na Tijjaniyya sun rubuta littattafan raddi a kan littafin 1972. Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi ya shiga fagen tafsiri a Kaduna, rediyo yana watsa nasa shi ma, har ya zama da azumi mutane suna jin ɓangare biyu a tasha ɗaya. Ƙungiyar Fityanul Islam kuma ta tsaya wajen kare ɗariƙu.

Hujjojinsu su ne: zikiri da salati umurni ne na Alƙur'ani, tsara musu lokaci da adadi ba ƙari ba ne a addini. Malaman Sunna na da can sun kasa bidi'a kashi kashi, akwai mai kyau akwai mummuna. Shehu Usmanu da ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, waɗanda Gumi kansa yake girmamawa yana kafa hujja da littattafansu, duk 'yan ɗariƙa ne. Sun kuma zarge shi da shigo da aƙidar Wahabiyanci daga Saudiyya, da raba ɗa da uba.

Inda abin ya fi muni shi ne batun kafirtawa. Wasu masu wa'azi sun kai ga cewa ba a bin ɗan ɗariƙa salla, ba a cin yankansa. A ƙarshen shekarun 1970 da cikin na 1980 an yi ta faɗa a kan masallatai a garuruwan Arewa, an ji raunuka, aure ya mutu, zumunci ya yanke. Mu da muke harkar dabbobi mun san nauyin wannan fatawa ta yanka. Idan aka ce naman mahaucin da kuka yi shekara ashirin kuna ciniki haramun ne, ai ba masallaci kaɗai aka raba ba, har da kasuwa.

Siyasa da zama da Kiristoci

Gumi bai ɗauki siyasa abin ƙyama ba. Gabanin zaɓen 1983 ya yi wata magana da ta girgiza mutane, inda ya nuna cewa a wannan hali siyasa ta fi salla muhimmanci, yana kiran maza su bar matansu su fita su yi rajistar zaɓe. Magoya bayansa sun ce abin da yake nufi shi ne, idan mulki ya kuɓuce wa Musulmi, ita kanta sallar ba za a samu sukunin yinta ba. Masu adawa kuwa sun ce malami bai kamata ya furta haka ba ko da wasa.

A 1987, shekarar da aka yi rikicin Kafanchan, kuma ana tsaka da cacar baki kan shigar Najeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, ya yi hira da mujallar Quality. A ciki ya nuna cewa Musulmi ba za su yarda Kirista ya shugabance su ba sai dai bisa tilas, kuma idan Kiristoci ba su yarda da shugabancin Musulmi ba, to sai a raba ƙasar. Kiristocin Najeriya ba su manta da wannan hira ba har yau. A wannan shekarar ce kuma aka ba shi lambar yabo ta Sarki Faisal saboda hidimar Musulunci.

A nan ya kamata mu mazauna Kudu mu yi karatun ta-natsu. Malam ya yi maganarsa ne daga Kaduna, a wani yanayi na zafin siyasa. Wanda yake kwana a Aba ko Onitsha, mai gidan hayarsa Kirista, mai sayen shanunsa Kirista, gwamnan jiharsa Kirista, lissafinsa dabam ne. Ana iya ɗaukar karatun tauhidi da na fiƙihu a wurin malami ba tare da an mayar da kowace maganarsa ta siyasa aya ba. Shi da kansa ai abin da ya koyar kenan, cewa ba a bin mutum ido rufe.

Yadda abin ya shafi zangunan Kudu

Kafin zuwan Izala, Tijjaniyya ce ƙashin bayan yawancin zangunanmu. A Sabo ta Ibadan, a farkon shekarun 1950 jama'a suka shiga Tijjaniyya da yawa, har Hausawa suka tsayar da Juma'arsu dabam a cikin unguwa. Wazifar yamma ta zama wurin da fatake da dillalai da masu masauki suke haɗuwa kullum. Cinikin shanu da na goro kuwa duk a kan amana da bashi yake tafiya: ka kawo shanu daga Arewa, mai gida ya sauke ka, dillali ya sayar wa mahauta bashi, ka jira kuɗinka. Mutumin da kuke zama sahu ɗaya safe da yamma zai ji kunyar cin amanarka. Shi ya sa da sabon wa'azi ya iso, dattawan zango ba su ɗauke shi saɓanin malamai kawai ba, sun gan shi a matsayin abin da zai warware igiyar da ta ɗaure jama'a a baƙon wuri.

A gidanmu ma an taɓa wannan. Kakana Batijjane ne, mahaifina kuwa kaset ɗin Gumi ya bi. Da kakan ya rasu, baffannina suka ce sai an yi sadakar arba'in, mahaifina ya ce ba da kuɗinsa ba. Aka yi wata da watanni ba a gaisawa. Daga baya wata gwaggonmu ta tara su ta ce, "Yaya, kai da ka ce bidi'a ce, kawo naka kason a biya bashin da Baba ya bari. Ku kuma ku yi addu'arku." Haka aka yi, kowa ya tsira da mutuncinsa.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Sheikh Abubakar Gumi ya rasu ranar 11 ga Satumba, 1992, a wani asibiti a Landan, bayan fama da sankarar jini. Aka kawo gawarsa Kaduna, dubban mutane suka yi masa salla. A shekarar ce aka buga tarihin rayuwarsa da Turanci mai suna Where I Stand, wanda ya tsara tare da Isma'ila Tsiga.

Izala kanta ta rabu biyu a farkon shekarun 1990, ɓangaren Jos da ɓangaren Kaduna. Sheikh Isma'ila Idris ya rasu a 2000. An yi sulhu a 2011, amma har yanzu ana jin ɓangaren Sheikh Sani Yahaya Jingir da na Sheikh Abdullahi Bala Lau. Wani sabon rukunin malamai da suka yi karatu a Jami'ar Madina, irin su marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam da aka kashe a Kano a 2007, sun ɗora daga inda ya tsaya da nasu salon. Ɗansa, Dakta Ahmad Gumi, yana tafsiri a Masallacin Sultan Bello inda mahaifinsa ya zauna.

Wani abin lura shi ne, hatta waɗanda suka yi jayayya da shi sun ɗauki kayan aikinsa. Yau zawiyoyin ɗariƙa suna da Islamiyyu masu aji, da makarantun mata, da 'yan agaji, da tafsiri a rediyo da Facebook. Mai sauraro kuma, ko na wane ɓangare ne, ya koyi tambayar malami: ina hujja? A wancan gefen, zafin kafirtawa ya ragu a wurare da yawa, ana haɗuwa a jana'iza da ɗaurin aure, ko da yake wutar takan taso lokaci lokaci.

Mu da muke zaune a ƙasar wasu, ranar da rikici ya tashi a kasuwa babu mai tambayar wane ne ɗan Izala wane ne ɗan ɗariƙa, sunanmu ɗaya ne a bakinsu. Sanin tarihin wannan saɓani zai taimaka mana mu riƙe shi a matsayinsa na saɓanin ilimi. Allah Ya jiƙan Malam Abubakar Gumi da sauran malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya haɗa kanmu a kan daidai. Amin.